Farfelar Hagu

Mu uku Baba ya haifa, kuma biyu daga cikinmu ba sa magana da juna. Ni ce ta tsakiya, saboda haka duk abin da Yaya zai faɗa wa Auta ta kunnena yake bi, duk abin da Auta zai mayar masa ta bakina yake fita. Shekara bakwai ina wannan aiki, ba hutu, ba sannu.

Asalin rigimar kantar ajiye kaya ce. Yaya kafinta ne, shi ya buga wa Auta kantoci a shagonsa na gyaran talabijin da rediyo. Wata ranar Talata kantar sama ta sauko da talabijin huɗu na mutane. Auta ya ce ƙusa uku kawai aka buga mata. Yaya ya ce shi kanta ya yi, ba gada ba. Shi ke nan, kowa ya kama bakinsa. Ko ranar da Innarmu ta rasu, Yaya ce mini ya yi, "Ce masa ya matsa, ya tare ƙofa," alhali kafaɗunsu na gogar juna.

Ni a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori nake aiki, kuma aikin ya koya mini cewa ba a kai magana yadda aka karɓo ta. In likita ya ce, "Ki gaya wa wancan mutumin in ba zai iya zuwa kan lokaci ba ya je ya cire da filaya," abin da nake cewa shi ne, "Ranka ya daɗe, likita ya ce ko za ka samu dawowa jibi?" Wanke magana nake yi, in shanya, in goge, sannan in miƙa wa mai ita. Haka nake yi wa 'yan uwana, kuma har ga Allah ina ganin ni ce ke riƙe da gidanmu.

Baba kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi a filin jirgin sama. Ba matuƙi ba ne, ba injiniya ba ne. Shi ne mai wanke jirgi, mai sa katako a bayan taya in ya tsaya, mai janyewa in zai tashi. Akwai wani ƙaramin jirgi mai inji biyu, fari da jan ratsi, mai ɗaukar mutum tara da buhunan wasiƙu, wanda ya wanke ya fi sau dubu. Bai taɓa tashi a cikinsa ba. Daga baya aka sayar da shi, aka yayyanka. Abin da ya rage wa Baba hoto ne guda ɗaya, shi yana tsaye a ƙarƙashin fiffike da bokiti a hannu.

Ranar da na kai shi wurin likitan ido, likitan bai ɓoye komai ba. Ya ce jijiyar ce ke mutuwa, idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma saura kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Na ce har yaushe? Ya ce watanni ne, amma nawa, ba zai iya ce mini ba. Wannan maganar ban samu damar wanke ta ba, don Baba na zaune a wurin yana ji.

A cikin tasi muna komawa gida ya ce, "Uwata, ina so in ga jirgin nan ya tashi."

Na ce, "Baba, ai an yanka shi."

"Na sani, ba hankalina ne ya taɓu ba, ido ne. A wurin aski wani ya nuna mini a waya, mutane na haɗa ƙanana da hannunsu, su sa musu batir, su tsaya a ƙasa suna tuƙawa da rimot. Ina da kafinta, ina da mai wayoyi. In ba su yi mini wannan ba, me na haife su su yi?"

Na kai wa kowa saƙo. Yaya ya ce zai yi, amma ba zai zauna ɗaki ɗaya da wancan ba. Auta ya ce shi ma abin da zai ce ke nan, an riga shi ne kawai. Aka share teburin cin abinci na falon Baba. Yaya zai riƙa zuwa bakwai zuwa tara na safe kafin ya buɗe wurin aikinsa, Auta kuma huɗu zuwa shida na yamma. Na ce to su riƙa bar wa juna 'yar takarda mana. Yaya ya ce rubutu ma magana ne.

Auta ya samo zanen jirgin ya buga a takarda takwas, muka liƙe su da salatif. Duk inci goma na jirgin gaskiya ya koma inci ɗaya, sai faɗin fuka-fukan ya kai tsawon teburin har ya ɗan wuce. Katakon da aka kawo wani irin abu ne mara nauyi, in ka danna farce sai ya shige. Yaya, mutumin da ya saba da wadirof mai ƙofa shida, ya jujjuya shi ya ce wannan biskit ne. Amma ya zauna da reza da sanfefa, ya yanka haƙarƙari ashirin da biyu na kowane fiffike, ya jera su a kan zanen da allurai. Ban taɓa sanin mutum mai irin waɗannan yatsun zai iya riƙe abu bai fasa ba.

Auta ya kawo injina biyu, kowane bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Ya zura wayoyi ta cikin fuka-fukan, ya ɗaura wasu 'yan ƙananan na'urori masu motsa bindi da gefen fiffike, ya cika falon da warin dalma. Komai sai ya ɗora a sikelin kicin. In aka samu ƙarin giram goma, ranar ba mai shan ruwa. Tsakanin gyaran talabijin kuma yana koyon tuƙi a kwamfuta, inda ya ce mini ya faɗi sau ɗari biyu ba wanda ya mutu.

Baba yana kan kujera a gefe da gilashin ƙara girma da hotonsa, yana duba su. Taga biyar ce, ba shida ba. Ƙofa a hagu take. Jan ratsin ba ya kaiwa hanci, a ƙarƙashin tagar matuƙi yake tsayawa. Ni aka bar wa rufe jikin jirgin da wata farar leda da ake mannawa da dutsen guga, wai don ni ce mai haƙuri. Na ƙone yatsa biyu a kan wannan haƙurin.

Saƙonni kuwa ba su tsaya ba. Auta ya kira ni ya ce, "Anti, ki gaya wa mai haɗa akwatin gawan nan jirgi ake yi, ba gado ba. Gam ɗin da ya zuba a bindi zai riƙe motar haya."

Na kira Yaya na ce, "Auta ya ce aiki ya yi kyau sosai, ko za a ɗan rage gam a baya."

Yaya ya ce, "Ki ce wa makahon da ya huda mini fiffike in ya sake taɓa katakona sai na ɗaure shi da wayoyinsa."

Na ce, "Auta, Yaya ya ce sannu da ƙoƙari, in za ka yi huda ka ɗan sanar."

Aka rage gam, aka daina huda. Wata huɗu muna haka, jirgi ya tsaya da tayoyinsa a kan tebur, fari da jan ratsi, har da baƙin tabon hayaƙi da Baba ya dage sai an zana a bayan kowane inji. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Aka sa ranar Asabar za a tashe shi. Abu ɗaya ya rage, ɗaura farfela. Auta ba ya gwada inji a cikin ɗaki da farfela a jiki, saboda tana yanke yatsa, ga hannun Baba kullum yana yawo a kan teburin. Saboda haka aka bar ta ƙarshe, kuma Yaya ya ce shi zai ɗaura, tun da shi ya shafa wa bakunansu fenti.

Ranar Alhamis da yamma Auta ya kira ni a wurin aiki. Layi ya kai ƙofa, wani yaro na tsala ihu a ɗakin likita, wayar ofis na ƙara a ɗaya kunnen. Shi kuma Auta ya zo ya tarar Yaya ya matsar masa da batir, ransa a ɓace, sai ya buɗe famfo.

"Ki gaya wa wannan mutumin da bai san bambancin batir da sabulu ba, ba a taɓa mini kaya. Mutumin da ko kanta bai iya bugawa ba. Injin hagu ma baya na sa shi juyawa da gangan, don kada jirgin ya riƙa karkata gefe guda, abin da ko shekara ya yi yana tunani ba zai shiga kansa ba. Farfela mai jan ɗigo ita ce ta hagu, in yana da idon gani. Kai kamar guduma, hannu kamar shebur..."

Ya fi minti biyar yana yi. Na ji duka, kunnena lafiya lau. Amma shekara bakwai sun koya mini cewa duk abin da Auta ya faɗa da wannan muryar ruwan wanki ne, zubarwa ake yi. Na ɗauka cika baki yake, yana nuna shi ya san inji. Da na tashi aiki na kira Yaya na ce, "Auta ya ce ya gama nasa, saura farfela, Allah ya ba da sa'a."

A cikin ledar farfela huɗu ce, biyu iri ɗaya, biyu kuma murɗarsu ta ɗaya gefen take. Yaya ya baje su, ya ga ɗaya da jan ɗigo, ya ce an ɓata masa fenti, ya ture ta gefe. Ya zaɓi biyun da suka yi daidai da juna ya ɗaura. Kafinta ne, a wurinsa ƙafar tebur ba ta bambanta da 'yar uwarta.

Asabar da safe muka tafi filin ƙwallo na wata makaranta, mota biyu, don ba za su shiga ɗaya ba. Na kafa wa Baba kujerar roba a bakin fili. Yaya ya sauke jirgin a gabansa ya haɗa fuka-fukan. Baba ya sunkuya, ya juya kai yana neman inda idonsa zai kama, ya bi jirgin daga hanci har bindi. Sai ya nuna haruffan lambar jirgin da na manna a gefe.

"Uwata, wannan na ukun ya karkace."

Na ce, "Baba, wa zai gani daga sama?"

Ya ce, "Ni na gani daga ƙasa."

Haushi ya kama ni a lokacin. Harafi ne da bai fi farcen babban yatsa ba, kuma ya gan shi. Ku riƙe wannan, ranar nan Baba yana gani.

Yaya ya kai jirgin tsakiyar fili ya ajiye, ya koma can gefe ya harɗe hannu. Auta ya tsaya nesa da shi da rimot a wuya. Da an bar shi da ya je ya duba, amma zuwa duba aikin Yaya a gaban Yaya shi ma magana ne. Ni ya kira.

"Anti, kin gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Duka?"

"Duka mana. Yau na fara?"

Filin akwai ciyawa, sai da ƙarfi jirgi zai taso, don haka Auta ya tura sandar rimot har ƙarshe lokaci ɗaya. Injin dama ya ja gaba. Injin hagu ya tura baya. Jirgin bai je ko'ina ba, ya kama juyi a wuri ɗaya kamar kare mai bin bindinsa. Sau uku ya zagaya, a na huɗu bakin fiffike ya caki ƙasa, ya yi tsalle, ya wuntsila, ya je ya rungumi ƙarfen raga. Muka ji ƙarar biskit ɗin Yaya.

Can Baba ya ce, "Na gaskiyan ba haka yake yi ba."

Auta ya je ya tsugunna, ya zaro guntun farfelar hagu, ya duba. Ya miƙe, ya wuce ni kamar ba na wurin, ya tsaya a gaban Yaya. Maganar farko da ya faɗa wa yayansa a cikin shekara bakwai ita ce, "Kai jaki ne?"

"Wa kake ce wa jaki?"

"Ina mai jan ɗigon? Ban ce mai jan ɗigo ce ta hagu ba?"

"Ka ce wa wa?"

Sai suka juyo tare suka dube ni. Ban taɓa lura suna kama ba sai ranar.

Yaya ya ce, "Ke, me ya ce ki gaya mini?"

Na faɗa. Duka na faɗa, har da guduma da shebur, don ba sauran abin ɓoyewa. Yaya ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Tsaya. Wato bai taɓa cewa aikina ya yi kyau ba?"

"Bai taɓa ba."

Auta ya ce, "Lokacin da na faɗi a babur, da kika ce yana gaishe ni da jiki?"

"Cewa ya yi babur ɗin ya fi ba shi tausayi."

Auta ya ce daman ya yi mamaki. A nan tsakiyar fili suka sallame ni daga aiki, su biyun, baki ɗaya. Shi ne abu na farko da suka taɓa yarda da juna a kai.

Fiffiken hagu ya karye gida uku, hanci ya lotse, sandar injin hagu ta lanƙwashe. Katako ba matsala ba ne. Tun da suka koma aiki lokaci ɗaya suna zagin juna kai tsaye, abin da da yake cin sati sai ya koma kwana biyu, har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Cikin kwana goma sha biyu fiffike ya gyaru. Inji ne babu irinsa a kusa, kuma Auta ya ce dole ya zama tagwayen na dama, in ba haka ba ɗaya zai fi ɗaya ja. Aka yi odarsa daga waje. Suka ce sati biyu. Sati bakwai ya yi.

Mutane suka yi ta ce mini ai abin ya zama alheri, ga 'yan uwa sun shirya. Ni ban ga alheri ba, don ni ce mai kai wa Baba shayi. A sati na uku ya ajiye gilashin ƙara girma, ya ce ya yi datti. Na wanke, bai sake ɗauka ba. A na huɗu ya tambaye ni ko an canza ƙwan falo. A na biyar na tarar yana riƙe da hotonsa ƙafa a sama, yana ba Yaya umarni a kan ratsi. A na shida ya zuba shayi a gefen kofi, ya ji ɗumin a gwiwarsa, ya ce tebur ɗin ne ba daidai ba. Bai taɓa cewa ba ya gani ba, bai kuma taɓa ce mini ke kika ja ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Na tsani kaina a waɗannan makonni, tsana ta gaske, ina shiga banɗakin asibiti in yi kuka in wanke fuska in fito in ce wa mutane ranka ya daɗe.

Inji ya iso ranar Laraba. Ranar Asabar muka koma filin, wannan karon mota ɗaya. Na riƙe hannun Baba har kujera, ya ce in sake shi, ba jariri ba ne. Yaya ya danne bindin jirgin, Auta ya ɗan ba shi wuta, suka sa hannu a bayan kowace farfela suka ji iska na tafiya inda ya kamata. Sau uku suka yi haka.

Jirgin ya ruga a kan ciyawa yana tsalle-tsalle, ya ɗaga hanci, ya rabu da ƙasa. Wallahi ya tashi. Fari da jan ratsi, fuka-fuki a miƙe, ya hau sama ya wuce rufin azuzuwa. Yaya ya cire hula ya rasa inda zai sa ta.

Baba ya bi ƙarar da kai har jirgin ya yi nisa. Amma injin batir ba shi da murya, da ya hau sama sai iska ta haɗiye shi. Auta ya karkata shi hagu, wajen bishiyoyi. Baba bai juya ba. Fuskarsa na kallon dama, saman tankin ruwa, inda babu komai.

Ya ce, "Kai! Ga shi can. Haka yake, haka yake tafiya."

Yaya ya dubi Baba, ya dubi sama, ya matsa kusa da Auta, wanda ba shi da halin ɗauke ido daga jirgin. Ya yi ƙasa da murya.

"Kawo shi dama. Saman tanki."

"Me ya sa?"

"Kawo shi kawai."

Auta ya saci kallo sau ɗaya, ya gane. Ya juyo da jirgin ya kawo shi daidai inda fuskar Baba take, ya sa shi zagaye a wurin. In Baba ya ɗan ɗaga kai, Yaya ya ce sama kaɗan. In ya karkata, Yaya ya ce bi shi. Haka suka yi ta yi, Baba na gaba jirgi na biye, yana ba mu labarin yadda rana ke ƙyalli a jikin tagogin.

Batirin na minti shida ne. Rimot ya fara ƙara, Auta ya ja har na bakwai, sannan ba yadda zai yi, ya sauko da shi a hankali can ƙarshen fili. Ya gangara cikin ciyawa ya tsaya, ko ƙwarzane babu.

Baba bai sauke kai ba. Ya sa hannu ya kare rana, yana murmushi.

"Uwata, ya yi nisa yanzu, ko?"

Ba wanda ya je ɗauko jirgin. Mu ukun muka ɗaga kai muka taya shi kallo.